In Birni Ya Iso Bakin Gonarka

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya bi hanyar nan da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari da Tambuwal ta nufi Jega, ya ga abin da za mu yi magana a kansa. Inda a dā gero da wake suke zuwa har bakin titi, yanzu sai ka ga an kakkafa duwatsun iyaka, an jibge bulo, wani wurin kuma an ja katanga ba kowa a ciki. Gona ce ta zama fuloti. Kowane magidanci yana son ya ga iyalinsa a cikin gida nasa na kansa, kuma wannan buri ne mai kyau. Amma tun da dillalai sun fara sallama a ƙofar gidajen 'yan jam'iyyunmu, ya kamata mu zauna mu yi lissafi tun ba a kai ga da-na-sani ba.

Me ya kawo haka?

Akwai lokacin da wannan yanki shi ne cibiya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa wajen 1810, ƙanensa Abdullahi kuwa yana Boɗinga, sai a 1815 Shehu ya koma Sakkwato. Daga nan Sakkwato ta yi ta girma. Ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, ta zama ta Jihar Sakkwato a 1976. Ofisoshi da makarantu da asibitoci suka yawaita, ma'aikata kuwa tilas su sami wurin kwana. A ƙidayar 2006 an sami mutum wajen 175,000 a ƙaramar hukumar Boɗinga, wajen 156,000 kuma a ta Shagari, yau kuwa sun fi haka nesa. Ga kuma waɗanda rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, su ma suna neman wurin zama kusa da titi.

Haya a cikin birni ta yi tsada, fili ya fi ta tsada. Boɗinga kuwa ba ta fi tafiyar rabin sa'a a mota daga Sakkwato ba, Shagari kimanin sa'a guda. Saboda haka mai albashi yakan ga ya fi masa sauƙi ya sayi fili a waje, ya yi gini, ya riƙa shiga gari da safe yana komowa da yamma. Filin da yake nema kuwa a hannun manomi yake.

Yadda zaman bakin birni yake

Kafin mutum ya yi sha'awar sabuwar unguwa, bari ya dubi yadda yini guda yake a cikinta. A tsohon gidanka na cikin ƙauye, hatsi yana rumbu, kara yana bayan gida, rijiya tana kusa, akuya tana ɗaure a turke. A sabuwar unguwa kuwa kusan kome saye ne. Da asuba a nemi 'yan ga-ruwa ko a tura yara layin burtsatse. Mai gida ya biya kuɗin mota ko na kabu-kabu. Uwargida ta sayi itace ko gawayi, ta sayi gero da kwano. Da damina hanyar unguwa ta cika da ruwa domin ba a yi lambatu ba. Maƙwabcinka baƙo ne, ba ka san asalinsa ba, in akuyarka ta shiga gidansa sai magana ta kai gaban mai unguwa.

Akwai kuma amfaninsa, ba ma ɓoyewa. Makaranta da asibiti suna kusa, mata suna samun kasuwar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da fura, mai albasa da kayan lambu yana samun masu saye a ƙofar gida. Abin lura shi ne, zaman bakin birni yana yi wa mai abin shiga kowane wata daɗi. Wanda ba shi da albashi, ya kuma rabu da gonarsa, ya sami wurin kwana ne ya rasa abin sa wa a tukunya.

Lissafin gona da fuloti

Fulotin da aka fi yankawa shi ne mai ƙafa 50 a faɗi, 100 a tsawo. Hekta ɗaya, watau eka biyu da rabi, tana ɗaukar irinsa 21 in ba a cire hanya ba. In an cire hanyoyi sai a sami wajen 15 ko 16. Wannan lissafi mai saye ya san shi sarai. Shi ya sa yake so ya saye gonar a dunƙule da kuɗin gona, ya kawo safiyo ya yayyanka, ya sayar ɗaya ɗaya da kuɗin fuloti.

To, a ce manomi yana da gona hekta ɗaya, tana ba shi dami 40 na gero, ga wake, ga harawa, ga kara. In ya sayar, kuɗin sau ɗaya za su zo. Zai ɗaga ɗaki biyu da zaure, ya yi wa ɗa aure, ya sayi babur. Bayan shekara uku babur ya tsufa, kuɗi sun ƙare, Naira kuma ta ƙara faɗuwa, amma buƙatar dami 40 tana nan kowace shekara. Daga nan sai neman aron gona ko ƙwadago a gonar wani.

Don haka shawararmu ita ce, kada a sayar da abin da yake ciyar da gida domin a gina gida. In larura ta matsa, yanki fuloti ɗaya ko biyu ta bakin hanya, inda ya fi daraja, ka sayar da kanka, ka riƙe sauran. Fadama kuwa kada a taɓa ta. Ita ce take ba da shinkafa da damina, albasa da rani, kuma gidan da aka gina a cikinta ruwa ne zai ci shi. Waɗanda suka ga ambaliyar Gulbin Rima ta 2010 ba sa bukatar a tuna musu.

Abin da doka ta ce

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamna. Watau abin da mutum yake da shi a doka shi ne ikon zama da amfani. Dokar ta raba ƙasa kashi biyu. Wurin da Gwamna ya ayyana cewa birni ne, daga gare shi ake samun takardar mallaka, wadda galibi takan yi shekara 99 in ta gidan zama ce. Wurin da ba birni ba, ƙaramar hukuma ce take ba da takardar ikon zama bisa al'ada. Mai takardar Gwamna ba shi da ikon sayarwa ko jinginarwa sai da yardar Gwamna, mai ta gargajiya kuwa sai da amincewar ƙaramar hukuma.

Akwai wani abu da manoma da yawa ba su sani ba. In hukuma ta karɓi fili domin aikin jama'a, kamar hanya ko makaranta, diyyar da doka ta tanada ta abin da aka yi a kan ƙasar ce: gini, da rijiya, da itatuwa masu amfani, da shuka. Ashe wanda ya dasa mangwaro ya haƙa rijiya a gonarsa, ya fi wanda ya bar ta fayau abin kamawa.

Ko kana saye ko kana sayarwa, lura da waɗannan:

1. Tambayi asalin filin. Gonar gado da ba a raba ba ba ta mutum ɗaya ba ce. Sai magada duka sun yarda, har da mata da waɗanda suke ci-rani.

2. Tabbata ba aro ba ne, ba jingina ba ne, ba burtali ba ne, ba kuma filin makaranta ko maƙabarta ba.

3. Kira maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa su tsaya a kan iyaka, su ga inda aka kafa dutse.

4. A rubuta takardar ciniki da tsawo da faɗi da kuɗin da aka biya. Shaidu su sa hannu a gaban mai unguwa da hakimi, a kai wa uban ƙasa.

5. Kada a tsaya nan. Je ofishin ƙasa na ƙaramar hukuma ka ji ko wurin yana cikin birni ne ko a'a, ka nemi takardar da ta dace. Takardar ciniki shaida ce cewa ka biya, ba ita ce takardar hukuma ba.

6. Kada ka biya dillali kuɗin fili. Nasa la'ada ce kawai. Kuɗi a hannun mai fili ake sa su, a gaban shaidu.

Darasi daga gidajen Shagari

Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, aka kuma binne shi can a 2018, ya mulki Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Manyan alkawuransa biyu su ne abinci da gidaje. Gwamnatinsa ta yi niyyar gina gida 2,000 a kowace jiha kowace shekara domin masu ƙaramin ƙarfi. Ba a cim ma adadin ba, amma an gina dubbai, har yau kuwa akwai unguwanni a garuruwa da yawa da ake kira da sunansa.

Inda aka gina su kusa da gari, mutane suka shiga, unguwa ta rayu. A wasu wurare kuwa filin da aka bayar yana can nesa, ba ruwa, ba hanya, ba kasuwa, sai gidajen suka yi shekaru ba kowa, har ɓarayi suka ɓalle ƙofofi da tagogi. In gwamnati da ƙarfinta ta gina gida ya kasa zama gida domin rashin ruwa da hanya, ina ga talaka? Kafin ka tambayi kuɗin fuloti, tambayi inda za ka ɗebi ruwa a watan Afrilu, da inda ruwan sama yake bi a watan Agusta. Lokacin duba fili shi ne tsakiyar damina, bayan an yi ruwa mai yawa. Araha ba ta ado.

Tun ran gini, tun ran zane

Ba tilas ba ne gida ya zama na bulo. A ƙasar da zafi yake wuce digiri 40 da bazara, shigifa ta tubali da azara ta fi ɗakin kwano marar silin sanyi. Abokin gabanta ruwa ne. In an yi mata harsashi na dutse da siminti, an ɗaga shi sama da ƙasa, an gyara indararo, ana yaɓe kafin damina, za ta ga jikoki.

Mai son bulo kuma ya lura. Ko da yake ana yin siminti a Kalambaina kusa da mu tun 1967, bai taɓa zama abin araha ga manomi ba, shi ya sa masu buga bulo suke cika yashi. Buhu ɗaya mai kilo 50 kada ya wuce bulo 30 na inci tara, a kuma yi ta ba shi ruwa har mako guda. Bulon da ya marmashe a hannunka, a kan 'ya'yanka zai marmashe.

Fara da katanga da masai da ɗaki ɗaya, ka shiga, ka ƙara wani bayan kaka. Masai ya yi nisan mita 30 daga rijiya, ya kuma kasance ta gangare. Bar wurin rumbu da turke, dasa dogon yaro da zogale tun ranar da ka kafa dutse. Kada ka ci hanya da katangarka ko da taku ɗaya ne, gama ranar da za a shiga da mai naƙuda mota, kai ma za ka bukaci hanyar.

Aikin jam'iyya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya gagari mutum ɗaya a wannan sha'ani, jam'iyyar gama kai tana iya yinsa.

Na fari, a buɗe littafi a rubuta gonar kowane ɗan jam'iyya da iyakokinta da irin takardar da take da ita. Waɗanda ba su da takarda a haɗa su a nema musu gaba ɗaya, wahalar zirga-zirga ta ragu.

Na biyu, a yi ƙa'ida cewa duk wanda larura ta sa zai sayar da gona, ya fara gaya wa jam'iyya. Sau da yawa abin da yake nema kuɗin asibiti ne ko na makaranta, wanda rance kaɗan zai biya. In kuwa sayarwar ta zama dole, jam'iyya ta taya shi ciniki, ko ta saya ta bar shi yana nomawa.

Na uku, a kafa adashin gini dabam da na taki. A zuba da kaka lokacin da hannu yake da nauyi, a kuma zuba da hatsi ko da buhun siminti, domin wanda zai kwasa a ƙarshe kada faɗuwar kuɗi ta cuce shi. A sayi injin buga bulo guda na jam'iyya, a yi gayya a gidan mai kwasa.

Na huɗu, shugabanni su binciki Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yake riƙe da shi. Ana zuba kashi biyu da rabi cikin ɗari na abin da mutum yake samu a wata, rancensa kuwa ruwansa kashi 6 ne, ana iya biya har shekara 30. Amma a sani, sai da takardar mallaka da shaidar abin shiga ake bayarwa, kuma bashin banki ba ya jin cewa damina ba ta yi kyau ba.

A taronku na gaba, sakatare ya karanta wa jama'a wannan, sa'an nan kowa ya amsa tambaya uku: Gonata tana da takarda? Magadana sun san iyakarta? In dillali ya sallama gobe, me zan ce masa? A rubuta amsoshin a littafin jam'iyya, a kuma zaɓi mutum biyu da za su je ofishin ƙasa kafin ruwa ya sauka.