Shukar Aya a Bayan Gida

Mu mutanen Unguwa Uku mun san yadda gine-gine suka cinye gonaki. Daga Gyadi-Gyadi har Tarauni, bakin hanyar Zariya, sai gidaje da shaguna. Amma wanda ya ke da ɗan fili mai damshi a bayan gida ya iya shuka aya. Yawancin wadda mu ke saye a kasuwa daga wajen Katsina da Maraɗi ta ke zuwa, ga shi kuwa masu kunun aya da daƙuwa kullum nemanta su ke yi.

Aya ciyawa ce, 'ya'yanta a cikin ƙasa su ke. Tana da 'yar'uwa, watau aya-aya, wadda ta ke ɓata gona. Ganyensu ya yi kama ƙwarai. Saboda haka kada mu tono iri a bakin kududdufi, mu saya wurin wanda muka sani.

Aya tana son damshi, amma ba ta son ruwa ya kwanta mata. Wannan shi ne abin da ya fi kayar da mutane. In ƙasarmu laka ce, sai mu zuba yashi da ruɓaɓɓen taki, mu yi kunya mai tudu. Mu jiƙa irin kwana 1 ko 2. Sa'an nan mu binne shi zurfin inci 2, tsakani kamu guda. In ruwan sama ya ɗauke, mu yi ban ruwa da na rijiya. Ban da ruwan kwata! Aya ɗanya a kan ci ta, yara kuwa ba su jira a wanke.

Mu riƙa cire ciyawa da hannu, don fartanya ta kan sare 'ya'yan. Mu tsare kaji da ɓeraye.

Bayan wata 3 ko 4 ganye zai yi ɗorawa, ya bushe. To, ta nuna. Manoman Maraɗi su kan ƙone ganyen kafin su tona. Mu dai kada mu yi haka, gama gidajenmu a manne su ke. Mu yanke shi da lauje, mu tankaɗe ƙasar da rariya, mu tsince duka, don wadda aka bari za ta tsiro baɗi ta cika wurin. A wanke, a shanya ta bushe sarai, a ware manya-manyan a ajiye iri.