Wuta, ƙura da ambaliya: Yadda masu gyaran amfilifaya ke riƙe da sautin Maiduguri

Ladanin da muryarsa ke ratsa unguwa da asuba, da mai kaɗa jita a majami'a ranar Lahadi, da mai ba da hayar kayan sauti a daren wushe-wushe, duk sun dogara ne da akwati guda: amfilifaya, na'urar da ke karɓar siririn sauti daga jita ko makirufo ta ƙarfafa shi har ya iya motsa lasifika. A Maiduguri, ranar da wannan akwati ya yi shiru wani ya rasa kuɗin cefane, domin mai biki ba ya jiran a gama gyara. Sayen sabo kuwa ya fi ƙarfin mutane da dama tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, abin da ya sa teburin mai gyara ya zama asibitin da kowa ke garzayawa.

Babban abin da ke kashe waɗannan na'urori shi ne wutar lantarki marar tabbas. A watan Janairun 2021 'yan ta da ƙayar baya suka tarwatsa turakun layin da ke kawo wuta daga Damaturu. An gyara a watan Maris, cikin 'yan kwanaki aka sake fasa su, birnin ya shafe watanni a duhu. Tashar iskar gas mai megawat 50 da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Maris na 2023 ta kawo sauƙi, amma har yau janareta ne madogarar mai kiɗa a filin biki. Ƙarfin wutar ƙaramin janareta yakan hau ya sauka, musamman idan mai ya kusa ƙarewa, kuma wannan hawa da sauka ke raunana sashen da ke ciyar da na'urar wuta. Idan fiyus ya tsinke aka ɗaura zaren waya a gurbinsa, an cire mai gadi daga bakin ƙofa ke nan. Karo na gaba taransifoma ce za ta ƙone. Haka abin yake ga amfilifayar gwanjo da aka ƙera don Amurka, inda wuta take bolt 120, idan aka cusa ta kai tsaye a ta Najeriya mai bolt 230.

Sai zafi da ƙura. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yakan haura digiri 40. Sananniyar ƙa'ida ce a wurin injiniyoyi cewa duk ƙarin digiri 10 na rage rabin tsawon ran kafasita mai ruwa a ciki. Idan ta bushe, sai a ji lasifika na gurnani ko da ba a taɓa jita ba. Ƙurar hunturu kuma takan shiga maɓallan murɗa sauti, shi ya sa ake jin ƙaiƙayi idan an juya su, ta kuma toshe fanka har tiransistocin da ke fitar da sauti su gasu. Gogaggen mai gyara da kunne yake fara aiki kafin ya ɗauki mita: gurnani na nuna kafasita, ƙaiƙayi na nuna datti, sautin da ke ɗaukewa bayan na'ura ta ɗumama yakan nuna dalmar da ta tsage, ƙaurin ƙuna kuwa labari ne mai tsada.

Wani lahanin daga hannun masu amfani yake fitowa. Lasifika biyu masu om 8 idan aka haɗa su a baki ɗaya sukan koma om 4, huɗu kuma su koma 2. Amfilifayar da aka ƙera don om 4 ba za ta jure wannan kaya ba, duk da haka a wurin biki akan yi ta ƙara lasifika don a burge jama'a. Tsohuwar amfilifayar jita mai kwalabe tana da nata sharuɗɗan: ba a kunna ta ba tare da lasifika ba, kuma kafasitocinta na iya riƙe ɗaruruwan bolt bayan an zare ta daga soket, wutar da za ta iya kashe wanda ya sa hannu da ka.

Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da Fori da Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno, ambaliyar da ba a ga irinta ba tun 1994. Kayan sautin masallatai da majami'u da shagunan haya na cikin abin da laka ta binne. Na'urar da ta sha ruwa tana iya tashi idan an buɗe ta, an wanke lakar, an bar ta ta bushe sarai na kwanaki, sannan aka auna taransifomarta kafin a ba ta wuta. Wadda aka kunna da danshi don a gani ko tana aiki, nan take ake ƙarasa ta. Wannan ya zo ne shekara ɗaya da rabi bayan gobarar da ta cinye Kasuwar Monday a watan Fabrairun 2023.

Kayan gyara daga nesa suke zuwa, galibi daga Kasuwar Alaba ta Legas da Sabon Gari ta Kano, farashinsu kuma yana bin dala. Jabun tiransista ya yi yawa: sunansa da lambarsa daidai, amma da an ɗaga sauti sai ya fashe, laifin ya koma kan mai gyara. Shi ya sa mai kaya ke da haƙƙin neman a faɗa masa kuɗin aiki kafin a fara, a nuna masa abin da aka cire, a kuma gwada na'urar da lasifika na tsawon lokaci a gabansa.

Akasarin masu wannan sana'a a gaban ubangida suka koya, ba su da takardar shaida, duk da cewa garin na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat da Jami'ar Maiduguri. Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa da ke Kaduna tana da tsarin tantance ƙwarewar masu sana'ar hannu, kuma shi ne ƙofar da za ta ba irin waɗannan mutane damar karɓar aikin gwamnati.

A nan batun ya shafi ma'aikacin da ke rubuta kasafi a Abuja. Ɗakunan taro na ma'aikatu da ofisoshinsu na jihohi suna amfani da irin waɗannan na'urori, kuma sau da yawa wadda ake jibgewa a sito a sayo sabuwa, kafasita ko fiyus kawai take buƙata. Na'urar daidaita wuta, da share ƙura bayan kowane hunturu, da ɗan kason gyara a kasafin shekara, sun fi kwangilar sayen sabo araha nesa ba kusa ba.