Ma'aunin aiki marar rajista a Najeriya

Ma'aunin aiki marar rajista adadi ne da ke nuna kaso nawa ne cikin masu aiki a ƙasa suke neman abinci ba tare da fansho, ko hutu mai albashi, ko rajistar sana'a a wurin hukuma ba. Ana samunsa ta hanyar raba yawan masu irin wannan aiki da yawan dukkan masu aiki, sannan a ninka da 100. Marasa aikin yi ba sa cikin lissafin, haka ɗalibai da tsofaffin da suka daina aiki. A Najeriya Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ita ke fitar da shi, kuma alƙaluman da ta bayar na 2023 da farkon rabin 2024 sun tsaya tsakanin kashi 92 da 93 cikin ɗari. Yana kuma cikin ma'aunan Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya, a lamba 8.3.1.

Asali

Wani masanin halayyar al'umma ɗan Ingila, Keith Hart, shi ne ya fara ba wannan fanni suna, bayan binciken da ya yi a shekarun 1960 a unguwar Nima ta birnin Accra, inda baƙi daga arewacin Ghana da Hausawa da yawa suke zaune. Ya lura cewa mutanen da takardun gwamnati ke kira marasa aiki kullum suna cikin hidimar saye da sayarwa da aikin hannu. Ya gabatar da bincikensa a 1971, aka buga shi a 1973. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta rubuta kan Kenya a 1972 ya yaɗa kalmar.

An ɗauki lokaci kafin a amince da yadda za a ƙirga. Taron masana ƙididdigar ƙwadago da ILO ke shiryawa a Geneva ya fitar da ma'anar farko a 1993, wadda ta dubi wurin sana'ar kawai: yana da rajista ko ba shi da ita. A 2003 aka faɗaɗa ta ta koma duban aikin kansa, domin akwai masu aiki a kamfanoni masu rajista waɗanda ba su da wata kariya. An sake sabunta ƙa'idojin a 2023. Rahoton ILO na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 2, wato kashi 61.2 na masu aiki a duniya, suna cikin wannan rukuni, a Afirka kuma kashi 85.8.

Yadda ake aunawa

Ba a samun adadin daga ofisoshin haraji ko na rajista, tunda waɗanda ake nema ba su cikin littattafansu. Jami'ai ne ke bin gidajen da aka zaɓa suna tambaya a kan kwana bakwai da suka wuce. Duk wanda ya kai shekara 15 kuma ya yi aikin awa ɗaya ko fiye domin lada ko riba, mai aiki ne. Daga nan tambaya ta rabu biyu. Mai zaman kansa, kamar tela ko mahauci, ana duba ko sana'arsa tana da rajista, wadda a Najeriya hukumar CAC ce ke yi wa kamfanoni da sunayen kasuwanci. Wanda wani ya ɗauka aiki kuwa, ana duba ko ana zuba masa kuɗin fansho, ko yana samun hutun shekara da hutun jinya da albashinsa. Saboda haka malamar makarantar kuɗi mai rajista wadda ba a yi mata ko ɗaya daga cikin waɗannan tana rukuni ɗaya da ɗan acaba. Yaron da ke taya mahaifinsa tsaron shago ba da albashi ba shi ma nan ake sa shi.

Sauyin 2023

A watan Agusta na 2023 NBS ta fitar da sakamakon sabon tsarin bincikenta, wanda ta shirya da taimakon Bankin Duniya da ILO. Tsohon tsarin ba ya ɗaukar mutum a matsayin mai aiki sai ya yi awa 20 a mako. Da aka koma awa ɗaya, rashin aikin yi ya sauko daga kashi 33.3 na ƙarshen 2020 zuwa kashi 4.1 a farkon 2023. Jama'a da dama sun yi suka, har da tsohon shugaban hukumar, Yemi Kale. Sai dai rahoton nan ɗin ya nuna aiki marar rajista ya kai kashi 92.6, kuma adadin biyu tare ake karanta su. A ƙasar da ba a biyan marar aiki alawus, talaka ba shi da halin zama haka nan, dole ya taɓa wani abu ko da tallan ruwa ne. Kason ya fi yawa a karkara fiye da birni, kuma ya fi yawa a tsakanin mata.

Misalin Gayam

Gayam mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Birnin Gwari, a yammacin jihar Kaduna, yankin da dajin Kamuku yake. An tsara binciken NBS ne domin ya ba da adadin ƙasa da na jihohi, ba na mazaɓa ba, amma irin wannan wuri yana nuna inda tambayoyin ke cin karo da rayuwar mutane. In ban da malaman firamare, ma'aikatan asibiti da na ƙaramar hukuma, kusan kowa manomi ne, ko makiyayi, ko ɗan kasuwar mako, ko mai cin abinci daga daji ta hanyar itace, gawayi da katako.

Matsala ta farko ita ce noma. Tun 2013 ƙa'idar ILO ta cire wanda ke noma domin cin gidansa daga sahun masu aiki, ta ba shi rukuni na daban. Manomin masara da dawa kuwa ba ya raba gonarsa gida biyu: yana cika rumbu, idan biki ko ciwo ya taso ya ɗebi buhu ya kai kasuwa. Amsar da ya bayar kan ko galibin amfanin na ci ne ko na sayarwa ita ke sa shi cikin lissafin ko ta fitar da shi gaba ɗaya. Lokacin tambayar ma yana da tasiri, domin mutumin da ke gona da damina yana iya kasancewa a ramin zinariya ko a Kaduna wajen ci-rani bayan kaka. Shi ya sa sabon tsarin yake tattara bayanai duk tsawon shekara.

Haƙar zinariya ta gargajiya sananniya ce a Birnin Gwari. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora ikon ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, don haka mai haƙa ba da lasisi ba ba zai yi saurin faɗa wa baƙo mai riƙe da na'ura abin da yake yi ba. Sai ya ce shi manomi ne.

Sannan akwai sana'ar matan aure a cikin gida: ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, fura, daddawa, kitso. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta kira wannan ɓoyayyen ciniki a wata maƙala ta 1969. Idan maigida ne ya amsa a madadin iyalinsa, sau da yawa cewa zai yi matarsa ba ta aiki, alhali ita ke sayen sabulu da kayan ɗakin 'ya'yanta mata da ribar abin da yara ke kai mata talla.

Tasirin rashin tsaro

Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa a Birnin Gwari. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce, kuma inda jami'ai ba za su iya shiga ba akan musanya wurin da wani, ko a bar shi. Waɗanda suka fi shan wahala ke nan su ne suka fi saurin ɓacewa daga samfurin.

Ma'aunin kansa ba ya nuna ko aiki yana ƙaruwa ko raguwa. A 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta dakatar da kasuwannin mako a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, ta hana sare itatuwa da hawan babura, aka kuma katse layukan waya. Wanda ya rasa sana'arsa a lokacin yakan fita daga sahun masu aiki ɗungurungum, ma'aikacin gwamnati kuma yana nan da albashinsa, don haka kason marasa rajista zai iya sauka a takarda kamar an samu ci gaba. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan kusan shekara goma a rufe. Dillalai, masu lodin shanu, direbobi, masu shayi da masu abinci da suka koma bakin aiki a can, kusan dukkansu a rukunin marasa rajista za a rubuta su.