Yatsan Ƙafa Da Ya Lanƙwashe: A Kula Da Shi Tun Yana Miƙuwa

Kowane ƙaramin yatsan ƙafa yana da ƙasusuwa 3, kuma jijiyoyi ne ke sarrafa shi, wasu na jan sa sama, wasu na jan sa ƙasa. Muddin ƙarfinsu ya zo daidai, yatsan zai kwanta sambal. Idan ɓangare guda ya rinjayi ɗaya, sai gaɓar tsakiya ta tasa sama, kan yatsan ya duƙa yana tokarar ƙasa, kamar kan guduma. An fi ganin haka a yatsan da ke bin babban yatsa, sai na uku da na huɗu. Mutane da yawa suna ɗaukar abin a matsayin halitta ko alamar tsufa, su kawar da kai, alhali lokacin da suke kawar da kan shi ne lokacin da gyaran ya fi sauƙi da araha.

Lanƙwasar tana da mataki biyu. A farko, idan ka sa hannu ka miƙe yatsan zai miƙu, sai ka saki ya koma. A wannan mataki takalmi mai faɗin baki, wanda ya bar rata kamar faɗin babban yatsan hannu gaban yatsan da ya fi tsawo, yana rage matsi ƙwarai. Ana haɗawa da 'yar katifa mai laushi a kan gaɓar, da motsa yatsun, misali a shimfiɗa tawul a ƙasa a riƙa tattaro shi da su. Idan aka bari shekaru suka ja, jijiyar takan gajarce, gaɓar ta ƙage, ko da ƙarfi ba ta miƙuwa. Daga nan babu motsa jiki ko man shafawa da zai daidaita ta. Iyakarsu su rage zafi. Masu tallan ƙarafuna da robobin miƙe yatsa ba su cika faɗar wannan ba.

Wani zai ce ai wannan ciwon masu takalmi mai tsini ne, mu da muke yawo da silifas ina ruwanmu? Takalmi matsattse yana da laifi babba, kuma ba ma rasa shi: sau-cikin gwanjo da aka saya don kyau ba don daidai ba, ko takalmin makaranta da ƙafar yaro ta fi ƙarfinsa amma ana lallaɓawa har zango ya ƙare. Sai dai ba shi kaɗai ba ne. Babban yatsa da ya karkace yakan ture maƙwabcinsa. Amosanin gaɓɓai da shanyewar ɓarin jiki suna kawo shi. Kuturta da ciwon suga kuwa suna lalata jijiyoyin da ke aika saƙo ga ƙananan tsokokin tafin ƙafa, yatsun su naɗe ko da mutum bai taɓa sa sau-ciki ba.

A wurin mai ciwon suga ne abin ya wuce batun kyan ƙafa. Gaɓar da ta taso tana gogar takalmi, kan yatsan yana dukan ƙasa a kowane taku, sai kanta ta fito. Mai lafiya zai ji zafi ya sauya takalmi. Wanda ƙafarsa ta mutu ba zai ji komai ba, har kantar ta fashe ta zama gyambo, ƙwayoyin cuta su kai ga ƙashi. Yanke yatsa ko ƙafa sau da yawa daga irin wannan ƙaramin rauni yake farawa. Don haka fere kanta da reza, ko manna mata maganin da ke cin fata, ganganci ne gare shi. Abin da ya dace shi ne ya duba ƙafarsa kullum, ya kai ta asibiti da zarar fata ta sauya launi.

Akwai kuma masu cewa gara maɗori da tiyata. Maɗori aikinsa karaya, a nan kuwa ƙashi bai karye ba. Murɗe gaɓar da ta ƙage da ɗaure ta tamau na iya tsayar da jini, musamman ga mai suga. Ita tiyatar ba dole ba ce ga kowa, kuma likitan kirki ba zai yi ta don ado kawai ba, sai idan zafi ko rauni ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Idan yatsan yana miƙuwa, akan yanke ko a sauya wa jijiyar da ke jan sa mazauni, yawanci da allurar kashe zafi a wurin kaɗai. Idan ya ƙage, akan cire ɗan ƙashi a gaɓar, a zura siririyar waya ta riƙe shi na wasu makonni kafin a zare. Asibitocin ƙashi irin na Dala da ke Kano su ne wuraren neman wannan aiki. Kumburi kan ɗauki watanni, yatsan da aka haɗe gaɓarsa ba zai ƙara lanƙwasuwa a wurin ba, kuma lanƙwasar kan iya dawowa idan aka koma wa takalmin da ya jawo ta.