Lalle, shingen garka da ba ya tsoron fari

A kwarin Gulbin Maraɗi, daga Tsibiri zuwa Gidan Rumji, mai garka kan sake shingen kara ko na ƙaya kowace shekara: gara ta ci, iska ta kayar, awaki su shiga. Lalle kuwa sau ɗaya ake dasa shi, ya haura shekara 10 yana tsaye.

Ana dasa rassansa da farkon damina, ko a jiƙa irin kafin shuka. Da zarar ya yi saiwa, ruwa kaɗan ya ishe shi. Fararen furanninsa masu ƙamshi ana yanko su a ƙawata ɗaki. Ganyen kuma, in an shanya a inuwa an daka, ba ya rasa mai saye muddin ana aure da salla.