Masallaci Daban, Kasuwa Daban?

Idan ana yabon mutum a ƙasar Hausa aka kai maƙura, sai ka ji an ce, "Ai wane ba ruwansa da duniya." Daga nan an gama magana. Wanda aka faɗa wa haka ya shiga sahun bayin Allah, sauran mutane kuwa, masu sammakon neman abin kai wa bakin salati, sai su yi tsit kamar masu laifi. Ƙarƙashin wannan yabo akwai wata fahimta da ta daɗe a zukatanmu, cewa ruhin mutum ba ya samun abincinsa sai ya juya wa harkokin yau da kullum baya, kuma lokacin da ya ɓatar a shago ko gona ko ofis ko madafi lokaci ne da aka zaftare daga ainihin abin da ya kawo shi duniya. Shi ya sa ɗan kasuwa mai shekara 40 zai ce maka, "Bari dai in aurar da yaran nan in sauke nauyi, sai in koma ga Allah." Ma'aikaci ya ce sai ya yi ritaya. Uwa ta ce sai ta gama raino.

Ban yarda da wannan fahimta ba, amma ba zan raina masu ita ba, don ba daga sama ta faɗo ba. Malamanmu na wa'azi sun daɗe suna jan kunne game da duniya, a baiti da zube, kuma da gaskiyarsu. Sun ga 'yan uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa saboda gado, sun ga an zubar da jini saboda rawani. Da Bahaushe ya ce duniya budurwar wawa, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Manzon Allah (SAW) ya kaɗaita a kogon Hira kafin saukar wahayi, kuma yakan shiga i'itikafi a goman ƙarshe na Ramadan. Zuciyar da ba ta taɓa samun shiru ba takan kurumce, wannan babu musu. Inda na saɓa da 'yan uwana shi ne wurin da suka ja layi. Sun ja shi tsakanin masallaci da kasuwa, alhali magabatan da suke kafa hujja da su a cikin ƙirji suka ja nasu.

A ɗauki Imam Gazali, wanda aka fi ambata idan ana maganar barin duniya. A 1091 aka ba shi karantarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, matsayin da kowane malamin zamanin ke sha'awa, ɗalibai wajen 300 na zama gabansa. Bayan shekara 4 ya binciki zuciyarsa ya tarar karantarwar ba don Allah yake yin ta ba, don suna ne da girma. Abin ya ci masa rai har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da karatu, abinci ya daina karɓarsa, likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. A 1095 ya fita daga Bagadaza, ya kaɗaita a Dimashƙu da Ƙudus, ya sauke farali, daga baya ya koma garinsu. A nan masu ba da labarin sukan tsaya su ce, "To ka ji." Sai dai da sauran zance. A 1106 ya koma kan buzun karantarwa a Naisabur, aikin nan da ya gudu ya bari. Aikin bai sake ba, mai yin sa ne ya sake. Kuma babban littafin da ya fito daga shekarun kaɗaicin, Ihya'u Ulumiddin, kashi ɗaya cikin huɗunsa kan al'amuran yau da kullum ne: ladabin cin abinci, aure, neman abin kai, halal da haram, abota, tafiya. Mutumin da ya yi shekara 11 yana gyaran zuciya ya dawo yana koya wa mai shago yadda zai bayyana aibin hajarsa ga mai saye.

Ba ma sai mun je Bagadaza ba. Wajen 1807, ana tsakiyar jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya duba rundunar da yake ciki ya ga yawancin abokansa na gaskiya sun kwanta dama, waɗanda suka rage da yawa hankalinsu ya koma kan dawaki da riguna da ƙwaraƙwarai da neman sarauta. Zuciyarsa ta ƙi. Ya bar yaƙin, ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki, kamar yadda ya ba da labari da kansa a Tazyinul Waraƙat. Da ya iso Kano mutanen gari suka tare shi, suka roƙe shi ya rubuta musu abin da za su riƙa tafiyar da al'amuransu da shi. Ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, ya karantar da su tafsiri, sannan ya juya ya koma inda ya fito, daga baya ya riƙe ɓangaren yamma na daular daga Gwandu. Abin da ke ba ni mamaki kullum shi ne, littafin da mai gudun duniya ya rubuta a tsakiyar gudunsa littafin mulki ne, na yadda ake naɗa shugaba da waziri da alƙali da yadda ake yanke hukunci. Ƙyamar abin da ya gani ba ta bar shi ba, amma ya gane cewa idan duk mai tsoron Allah ya kama hanyar gabas, masu dawaki da riguna za a bar wa talakawa.

Kaɗaita kamar zuwa rijiya ce, ana zuwa a ɗebo a koma gida inda ake jiran ruwan. I'itikafi kansa da an ga watan Shawwal ya ƙare.

Tun zamanin sahabbai an yi wannan gardama an gama. Salmanul Farisi ya ziyarci Abu Darda'i ya tarar da matarsa a hargitse, ta shaida masa cewa mijinta ba shi da sauran buƙata da duniya. Salman ya ƙi cin abinci sai da Abu Darda'i ya karya azumin nafilarsa, ya hana shi tsayuwar dare sai can ƙarshensa, ya tuna masa cewa jikinsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa. Da maganar ta je gaban Manzon Allah, Salman aka gaskata. Abdurrahman ɗan Aufu kuwa da ya isa Madina hannu rabbana, aka yi masa tayin rabin dukiyar Sa'adu ɗan Rabi'u, ya yi godiya ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Da cuku da man shanu ya fara. Yana cikin goman da aka yi wa bushara da aljanna.

Da a ce illar wannan fahimta ta tsaya ga mutum ya ƙuntata wa kansa, da ban ɗauki alƙalami ba. Masu barin duniya da gaske ba su da yawa, kuma galibinsu ba sa cutar kowa. Ɓarnar tana wajen miliyoyin da ba su bar ta ba, amma suka yarda cewa Allah yana can wani wuri, nan kuwa harka ce. Mutum ya raba rayuwarsa gida biyu. A sahun farko yake sallar asuba, wuridinsa ba ya wuce shi, Umarar azumi ba ta kuɓuce masa. Ya zo kasuwa ya auna da mudun da aka bubbuge wa gindi, ya zuba tsohon wake a ƙasan buhu ya rufe da sabo, ya ɓoye hatsi sai damina ta yi tsakiya talaka ya galabaita. Ka yi masa magana ya ce, "Malam, wannan kasuwa ce." Ba munafuki ba ne yadda muka saba fahimtar munafunci, kuma wannan ne abin tsoron. Har zuciyarsa ya yarda cewa wancan ɗakin na ruhi ne, wannan na ciki ne, kuma babu ƙofa tsakaninsu. Haka tela mai karɓar ɗinkin salla da ya san ba zai gama ba. Haka ma'aikacin da fayil ɗin fansho na wani dattijo ke kwance a teburinsa wata da watanni sai an ba da na goro, shi kuwa yana ta jan carbi.

Mutanen Madyana sun riga mu yin wannan magana. Da Annabi Shu'aibu (AS) ya hana su tauye mudu da sikeli, amsar da suka ba shi, kamar yadda ta zo a Suratu Hudu, ta izgili ce: wai sallarsa ce za ta hana su yin yadda suka so da dukiyarsu? Abin da ya ɗaure musu kai shi ne me ya haɗa salla da ciniki. Duk lokacin da na ji an ce "addini daban, harka daban", wannan tambaya tasu nake ji.

Akwai kuma waɗanda fahimtar ke zalunta a ɓoye, yawancinsu mata. Uwar da ta kwana tsaye kan yaro mai zazzaɓi, ta wayi gari tana jin haushin kanta don ba ta samu yin nafila ba. Wadda ta yini a bakin murhu cikin azumi tana dafa wa mutum 15 abin buɗa baki, tana jiyo tafsiri daga rediyon maƙwabta, tana ganin Ramadan ya wuce ta. Wadda ta shekara 7 tana juya surukar da ɓarin jikinta ya shanye, tana yi mata wanka da tsarki. Wa ya gaya wa waɗannan cewa suna bakin ƙofa suna jira a kira su? Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta san zuhudu fiye da mu, 'yar Shehu ce kuma ta yi zurfi a tasawwufi. Amma da ta tashi isar da ilimi ga matan karkara ba ta ce su bar gidajensu ba. Ta naɗa jajoji, ta ba su malfa, su je su dawo da karatu ga mata a inda suke, tsakanin turmi da murhu. Tsarin 'Yan Taru ke nan.

Na san abin da mai hankali zai ce, kuma ya kamata a saurare shi. Zai ce wannan magana tawa za ta yi wa mai kwaɗayi daɗi. Dama neman hujja yake, yanzu ga shi an ba shi: "aiki ma ibada ne", sai ya haɗa azahar da la'asar da magariba a shago yana ƙirga kuɗi. Wannan gaskiya ne, ana faɗar haka, kuma ana cin zarafin maganar. Sai dai wanda ya fahimci abin da nake nufi zai ga nauyi na ƙara masa. Mai raba rayuwa biyu awa ɗaya ko biyu yake ba Ubangijinsa a yini, sauran nasa ne. Wanda ya rushe katangar kuwa ba shi da sauran maɓoya. Ana kallonsa lokacin da yaro ya zo sayayya bai san farashi ba, da lokacin da mai saye ya manta canjinsa, da lokacin da ya yi asara, da lokacin da maƙwabcin shagonsa ya fi shi ciniki. Tsayuwar dare tana da wuya, amma mayar da cinikin da aka riga aka sallama don mai saye ya yi nadama, ga wasunmu ya fi ta wuya. A nan ake sanin ko dukiya a hannu take ko ta shige zuciya, kuma matalauci ma bai tsira daga wannan jarrabawa ba, don akwai mai tsumma da duniya ta cika masa ƙirji fal.

Ibnu Aɗa'illahi, mai littafin Hikam da ake karantawa a zawiyoyinmu, malamin fiƙihu ne a Iskandariya kafin ya kama hannun Shaihu Abul Abbas al-Mursi. Ya ba da labarin cewa ya taɓa ƙudurta barin karatun zahiri da harkokinsa don ya keɓe ga Allah, shaihin nasa ya hana shi, ya umarce shi ya tsaya inda Allah ya ajiye shi, abin da aka rubuta masa zai same shi a nan. Ya tsaya, ya ci gaba da karantarwa har ya rasu a Alƙahira a 1309. Shi wanda ke jiran ritaya kuwa, ko da an ba shi tsawon rai, da zuciyar da ya shekara 35 yana reno a ofis zai shiga masallacin. Ba a ajiye ta tare da makullin ofis.

Wani ɓangare na laifin, a ganina, yana ga yadda muke karatu, kuma a nan ina roƙon malamaina su yi mini afuwa. Ɗalibin zaure yakan fara da Ahalari, ya wuce Ishmawi, ya ƙware a tsarki da salla da ƙabli da ba'adi da azumi. Babin ciniki sai an yi nisa, a Iziyya da Risala, kuma mafi yawan masu zuwa karatun bayan magariba, 'yan kasuwa da masu sana'a, hidima kan janye su kafin a kai can. Sai mutum ya tashi ya san hukuncin wanda ya manta zaman tahiya, bai san hukuncin sayar da amfanin gona kafin ya nuna ba, bai san mene ne algus a shari'a ba, bai san dillali na da iyaka ba. Ba mamaki ya ɗauka addini a bakin ƙofar masallaci ya tsaya, tunda a nan karatunsa ya tsaya. An ruwaito Sayyidina Umar yana hana wanda bai san fiƙihun ciniki ba yin saye da sayarwa a kasuwar Madina. Kusan kowace babbar kasuwa a Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram tana da masallaci, wasu har da majalisin karatu bayan la'asar. Da malaman waɗannan majalisai za su ɗauko babin ciniki su sa shi gaba, su karanta shi da Hausa, da misalin tiya da buhu da la'ada da bashin da ake ci kafin kaka, da masu sauraro sun tashi daga tabarma sun tarar da darasin yana jiransu a shago kafin magariba.