Wa Ke Raba wa Wayoyi Lokaci a Ƙofar Soro?

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Ƙofar Soro cikin birnin Katsina ya san wannan takaici: wayarsa ta nuna sabis a cike, amma hoton dawakin da ya ɗauka ya ƙi tafiya. Galibi wayar ba ta da laifi. Turken sadarwa, wanda jama'a ke kira ƙarfen sabis, yanki ne mai iyaka yake yi wa hidima, kuma dubban wayoyin da suka taru a ƙarƙashinsa kafofin iska ƙalilan suke rabawa. Dole ke nan a sami mai cewa wannan ya yi magana, wancan ya dakata, kamar yadda malamin makarantar allo yake biya wa almajiransa karatu ɗaya bayan ɗaya.

A tsarin GSM, wanda ya fara aiki a Nijeriya cikin 2001, an yanka lokacin kowace kafa gida 8. Kowace waya tana samun gurbin da bai wuce kashi 577 cikin miliyan na sakan ba, sannan layi ya sake zagayowa kanta kimanin sau 217 a sakan guda, shi ya sa kunne ba ya jin yankewar.

To, a nan ne nisa ya shigo. Saƙon rediyo yana gudun kilomita 300,000 a sakan, amma duk da haka na wayar da ke bayan gari yakan iso a makare, ya faɗa gurbin maƙwabcinsa. Saboda haka ƙa'idar ta ce turke ya umarci waya mai nisa ta riƙa yin sammako, bisa mataki daga 0 zuwa 63, kowane mataki kimanin mita 550. Ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya ninka, zai tarar da kilomita 35, iyakar nisan da turken GSM yake iya kaiwa a asali. Da aka ga wannan ya yi wa karkara da bakin teku kaɗan, sai aka faɗaɗa shi har zuwa kilomita 120.

Mai karatu zai tambaya, wa ke da ikon taɓa irin wannan ƙa'ida? Tun daga 1998 aikin tsara ƙa'idojin wayar salula ya fara komawa hannun ƙungiyar 3GPP, mai ofishi a Faransa. Injiniyan da ya hango kuskure yakan cika takardar neman gyara, ya bayyana dalilinsa, da abin da yake so a sauya, da kuma ɓarnar da za a yi idan aka ƙi. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi burge ni, domin tana tace gyaran son rai daga na larura. Kwamiti ya duba, babban taro mai zama sau 4 a shekara ya amince, sannan kundin ya fito da sabuwar lamba. Da zarar an rufe wani bugu, gyaran da ya zama tilas kaɗai ake karɓa, don kada wayar da aka ƙera a Sin ta wayi gari ba ta jin yaren turken da aka ƙera a Suwidin.

A tsarin 4G, wanda aka kammala bugunsa na farko a ƙarshen 2008, turke yana sake rabo sau 1,000 a kowane sakan, bisa rahoton da wayoyi ke aika masa na ingancin saƙon da suke ji. Abin mamaki, kundin ya tsara yadda za a sanar da rabon, amma ya bar wa kamfanonin ƙera turaku zaɓin wanda za a fara ba. Idan aka bi layi daidai wa daida, a yi asarar lokaci kan waya mai raunin saƙo. Idan aka fifita mai ƙarfin saƙo, wanda ke gindin turke ya cinye komai, na can gefe ya tashi a tutar babu. Yawancinsu sukan bi hanyar tsaka-tsaki, wadda ta samo tushe daga aikin Frank Kelly na Jami'ar Kambirij a 1997: a auna abin da waya za ta iya karɓa yanzu da abin da ta riga ta samu, a ba wadda rabonta ya fi cancanta. Hoton dawakin nan yana cikin wannan layi ne, yana jiran a zo kansa.